Rumbun da Gwadabe Ya Liƙe

A Unguwar Marke, ɗan ƙauyen nan da ke tsakanin Dangora da Badafi, in aka ce gidan Ɗantani ba a ƙara bayani. Ɗantani manomi ne da ya taɓa ɗaure dami ɗari uku a kaka ɗaya, kuma har ya koma ga Allah bai bar kowa ya manta ba. Ya bar 'ya'ya maza uku, Gwadabe da Wada da Sale. Ya bar gona wadda in ka tsaya a wannan kai ba ka jin kiran wanda ke wancan kai, ya bar rumbunan ƙasa uku a tsakar gida. Ya kuma bar girman kai, amma wannan babban ɗan ne, Gwadabe, ya kwashe shi kaɗai, ba a yi rabo da kowa ba.

Kada a zalunci Gwadabe, ba mugu ba ne. Dogo ne siriri, mai tsabta har ta yi yawa, irin mutanen da ke kaɗe buzu kafin su zauna, su sake kaɗewa bayan sun tashi. Tun yana ɗan shekara bakwai yake bin ubansa da 'yar fartanya. Bai taɓa tafiya cin rani ba, bai taɓa roƙon ko garwashin wuta a gidan maƙwabci ba. Matarsa Turai, 'yar wani majemi ce daga Badafi, gajera, mai baki kamar barkonon tsidahu. Shekara ashirin suna tare, shi yana shiru, ita tana faɗin abin da shirun ya ɓoye.

Da uban ya rasu ƙannen ba su ware ba, suka ci gaba da noma gandu: gona ɗaya, tukunya ɗaya, babban wa ke riƙe da komai. Ƙa'idar gandu kuwa kowa ya san ta. Ƙanne su ba da ƙarfinsu daga fitowar rana zuwa azahar, shi kuma maigida ya ciyar da su da matansu da 'ya'yansu tun daga ruwan shuka har sabon gero ya nuna. Abincin wannan lokaci yana cikin babban rumbu na tsakiya. Da an gama kaka, maigida shi kaɗai zai hau ya jera dami a kan ragowar na bara, ya liƙe bakin da laka, ya kifa jinka. Ba mai taɓawa sai ranar shuka. Mace ba ta leƙawa, ƙane ba ya tambaya. Ranar da maigida ya buɗe rumbun aka tarar ba abinci, ranar gandu ya mutu, kowa ya kama gabansa. Gwadabe kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar a ce a hannunsa gandun Ɗantani ya watse.

Shekarar da ta biyo bayan babbar ƙidaya, ruwa ya yi wa mutane yawa. Aka yi kwana goma sha biyu ba a ga rana ba. Gero ya ruɓe a tsaye, dawa ta yi rawaya ta fitar da kai kamar wutsiyar ɓera. Gandun da ke ba da dami ɗari biyu ya tashi da arba'in da ɗaya. Ƙannen ba su firgita sosai ba, don sun san akwai tsohon hatsi a rumbun tsakiya.

Ranar liƙi Gwadabe ya hau tsani, ya ɗaga jinka, wani wari ya bugi fuskarsa. Gindin rumbun ya tsage da damina, laima ta shiga, gara ta biyo ta. Abin da aka tara shekara biyu ya koma baƙar ƙasa da kara. Ya daɗe tsaye a kan tsani. A ƙasa ga Wada yana miƙo masa dami, kuma Gwadabe ya san tun jiya Wada ya ɗaure ƙunshinsa, yana shawarar bin samarin gari zuwa haƙar kuza a Riruwai.

"Yaya, yaya na ciki?" in ji Wada.

"Yana nan har wuya," in ji Gwadabe. "Miƙo goma kawai, ba wurin saura."

Ya shimfiɗa dami goma a kan ruɓa, ya liƙe da laka, ya shafe ta sumul kamar bangon amarya. Wada ya shiga ɗaki ya kwance ƙunshinsa.

Namiji ana iya rufe masa ido da laka, amma ba macen da ke shara a tsakar gida kullum ba. Ba a yi wata ba Turai ta same shi yana alwala a bayan ɗaki.

"Malam, rumbun nan naka amo yake kamar ganga."

"Wa ya aike ki ki buga?"

"Taɓarya ce ta zame ta faɗa masa. Ga kaji sun tare a gindinsa suna cin gara, sun fi 'ya'yanka ƙiba."

"Mace ba ta da magana a kan rumbu."

"Ba ni da magana, amma ni ce mai tuƙa tuwo. Ran da aka buɗe sai ka nuna mini abin da zan tuƙa. Ka kira ƙannenka ka gaya musu tun da sauran rani, Wada ya je ya nemo kuɗi."

"In ya tafi ba zai dawo ba. Allah zai kawo wata hanya."

Allah kuwa ya kawo. Gwadabe ne ya tsaya a ƙofa ya ce wa hanyar ba kowa a gida.

Kafin bazara ƙananan rumbunan biyu sun ƙare. Gari duka aka koma tuwo sau ɗaya, daga baya kunu, daga baya dusa da busasshiyar rama. Mata suka sayar da tasoshin aurensu a kasuwar Tudun Wada a kan kuɗin da ba zai sayi tiya biyu ba. Ana cikin haka aka ce gwamnati za ta aiko wa manoma agaji ta jirgin ƙasa: buhun dawa ga kowane mutum huɗu, da sule goma na sayen iri. Amma sai malamin rabo ya zaga ya ga rumbun kowa, ya rubuta waɗanda ba su da hatsi.

Labarin nan ya iso wa mai unguwa Hamidu mako guda kafin kowa, ya zauna a kansa kamar kaza a kan ƙwai. Hamidu mutum ne da yunwar shekarar ba ta rage masa ko tsokar wuya ba. A makon nan aka yi ta ganin jakunansa suna fita da rana tsaka zuwa gidan surukinsa a Badafi, an lulluɓe kayan da karan dawa. Wai kara ne yake kai wa tsohuwa ta yi girki. Kara mai sa jaki nishi! Haka ƙanensa ya yi, haka mijin 'yarsa, haka duk wanda ke cin tuwo a zaurensa.

Malamin rabo ya iso a kan keke, saurayi da farin wando da alƙalami a bayan kunne. Ya sauka gidan Hamidu, aka yanka masa kaji biyu a garin da yara ke lasar turmi, ya cinye ya yi gyatsa, sannan ya fito aikin tausayi. Rumbunan Hamidu aka fara. Duk a buɗe, an share su ƙal, har Hamidu yana goge ido da bakin rawani. Malam ya rubuta mutum ashirin da huɗu. Daga nan aka bi gida gida, rabin gari na biye kamar ana rakiyar mai wasa da kura.

Da aka shigo gidan Ɗantani, malam ya leƙa ƙananan rumbunan ya ga wayam, ya ɗaga alƙalami zai rubuta. Sai idonsa ya faɗa kan na tsakiya.

"Baba, wannan liƙaƙƙen fa?"

Hamidu ya yi caraf: "Ai malam, nan gidan Ɗantani ne, mai dami ɗari uku. Yunwa ba ta san hanyar gidan nan ba. Ko ba haka ba, Gwadabe?"

Gwadabe ya dubi jama'a. Ga Wada, ga Sale, ga dattawan da suka yi noma da ubansa. A bayan zana Turai ta buga taɓarya a turmin da ba komai a ciki, sau uku, da ƙarfi, yadda ko kurma zai gane da shi ake.

"Hatsi ne a ciki?" in ji malam.

"Hatsi ne."

"Zai kai ku kaka?"

"Zai kai mu, har mu sam wa maƙwabci."

Jama'a suka ɗauka: "Ɗan halas! Ya gaji ubansa!" Wani tsoho har da dafa masa kafaɗa. Gwadabe ya ji daɗi ya ratsa shi tun daga kai har ƙafa, daɗin da bai kai tsawon shan moɗa ɗaya na ruwa ba. Malam bai hau tsani ba, bai ƙwanƙwasa ba, kada laka ta taɓa farin wando. Ya ja layi ya wuce. Baki goma sha bakwai ke ci a gidan nan, aka shafe su da kalma ɗaya, kuma maigidansu ne ya faɗe ta.

Kwana tara Turai ba ta bar shi ya huta ba. In ta miƙa masa kunu sai ta ce, "Ga shi, mai sam wa maƙwabci." In yaro ya yi kuka sai ta ce, "Yi shiru, je ka lashi sunan kakanka." Ranar rabo ta ajiye masa takalma a bakin ɗaki.

"Ko ka je Dangora ka gaya wa yaron nan gaskiya, ko ni in ɗaura gyale in je. Ka zaɓi wadda ta fi maka sauƙin kunya."

Ya tafi, ya ce wa ƙannensa zai je wurin maƙeri.

A gindin wata tsamiya kusa da tasha aka tara buhuna, kowanne da baƙin hatimi a cikinsa. Malam na kan kujera yana kiran suna, ana dangwala yatsa a tawada, ana ɗauka. Gwadabe ya raɓe a baya yana kallo. Ya ga gwauruwar da ke da marayu biyar an auna mata rabin buhu an ce saura ya zube a jirgi. Ya ga wani baran Hamidu ya dangwala da babban yatsa, ya zaga ya dawo ya dangwala da manuni, ya sake zagawa ya dawo da na tsakiya, duk malam yana kallon sama kamar mai neman jinjirin wata. Sai ya ji an kira:

"Ɗantani na Unguwar Marke, mutum takwas!"

Baran nan ya matso ya dangwala ƙaramin yatsa. Aka ɗora buhu biyu a jakin Hamidu, aka ƙirga sule goma a tafin Hamidu. Ɗantani da ya shekara tara a kabari! Mutanen Unguwar Marke sun fi talatin a wurin, da su aka yi masa salla, da su aka haƙa ramin. Ba wanda ya yi ko tari. Kowa ya sunkuyar da kai yana jiran a kira nasa sunan. Tir da wannan taro, daga mai kujera har masu tsugune.

Gwadabe ya ja Hamidu gefe.

"Ranka ya daɗe, sunan mahaifina na ji."

"Ya rage ne a tsohon littafi. A bar rabo ya koma birni? Allah ya jiƙan Ɗantani, yana kabari ma yana ciyar da mutane." Ya tauna goro, ya dube shi a kaikaice. "Kai kuma me ya kawo ka, mai hatsi har kaka?"

Nan Gwadabe ya faɗi gaskiyar rumbun, a hankali, kamar ana zare masa haƙori. Hamidu bai yi ko mamaki ba.

"Ai na sani. Kajin gidanka sun gaya wa kowa mai ido. To, abu mai sauƙi ne. Malam yana nan har jibi. Je ka fasa rumbun gobe gaban shaidu uku, su zo su faɗa, in sa a rubuta ka. Mutum goma sha bakwai, buhu huɗu ke nan da kuɗin iri. Ɗaya nawa, na wahala."

Ko da an cire na ɓarawo, buhu uku da dami goma, in aka haɗa da ganye da ɗan rogon fadama, da sun ja gidan har sabon gero ya nuna. Gwadabe ya san haka, ya lissafa a hanya ya sake lissafawa. Abin da ake nema gare shi kaɗai shi ne ya ji kunya ta yini ɗaya.

Washegari da hantsi ya jingina tsani, ya ɗauki gatari. Turai ta tsaya da tsintsiya a hannu, har ta fara cewa alhamdu lillahi. Wada na zaune a inuwa yana sa wa fartanya ƙota, ya ɗago kai.

"Yaya, lafiya da gatari? Ai ruwa bai sauka ba." Ya yi dariya. "Jiya a bakin masallaci sai maganarka ake. Na ce musu mu gidanmu ba a dangwala yatsa don a ci tuwo. Masu zuwa Riruwai ma sun sake aiko mini, na ce su yi gaba, ni ina da wa."

Gwadabe na kan tsani, gatari a hannu, lakar na gabansa. Sara ɗaya ya isa. Ya dubi ƙanensa, ya dubi lakar. Sai ya rataye gatarin a tsani ya kama jan ciyawa.

"Jinka ce ta karkace, nake gyarawa."

Turai ta tofar da yawu a gindin rumbun, ta shige ɗaki. Kashegarin ranar malam ya hau kekensa, da buhu guda an ɗora masa a jirgi.

Bayan kwana goma sha shida ruwan shuka ya sauka. Aka fita da ɗan irin da Turai ta ɓoye a tulu, aka shuka abin da ya samu, aka dawo da azahar. Gida duka ya taru a gindin rumbu, mata da ƙore, yara suna tsalle, yau za a ci tuwo mai tauri. Gwadabe ya hau ya fasa. Ya miƙo dami ɗaya, biyu, har goma. Sai ya tsaya.

"Ci gaba, Yaya," in ji Sale.

Warin ne ya ba shi amsa. Wada ya hau ta ɗaya gefen ya zura hannu har kafaɗa, ya sauko da baƙar ƙasa cike da tafi, gara na yawo a ciki. Ya buɗe hannun a gaban wansa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kaka."

"Ruwa ne ya ruɓar, wannan ba laifinka ba ne, ba wanda zai ce uffan. Da ka faɗa mini da kaka, da na je kuza na dawo da kuɗin hatsi. Da ka faɗa wa mai littafi, da buhu na jingine a nan. Ka bar ni ina cika baki a masallaci, matata na dafa wa 'ya'yana dusa. Yaya, sunan Baba ka ciyar, ba mu ba."

A ranar aka raba dami goma gida uku, na goman aka kwance shi aka kasa zangarniya zangarniya. A makon aka kira dattawa suka taka gona suka kafa duwatsu. Sale ya kwashe iyalinsa ya koma wurin surukansa a wajen Tudun Wada. Wada ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya nufi Riruwai, kasonsa na gona kuwa ya bar wa mai iya ba shi guzuri nan take. A Unguwar Marke a wannan shekara mutum ɗaya ne ke da hatsin bayarwa, jakunansa sun dawo daga Badafi.

Haka aka wayi gari Gwadabe ɗan Ɗantani, wanda bai taɓa roƙon garwashi ba, yana ƙwadago a gonar Hamidu, a kan kunyoyin da ubansa ya koya masa riƙon fartanya. Da yamma a auna masa mudu biyu daga buhu mai baƙin hatimi. Ranar farko ya kawo a ƙulle a bakin riga, ya ajiye. Turai ta daka, ta tuƙa, ta kawo masa a akushi, ya zauna yana kallonsa.

"Ci mana," in ji ta. "Ba sadaka ba ce. Tuwon ubanka ne, da sunansa aka karɓo."

Ya ci. Yunwa ba ta bar masa wata dabara ba.

Yau shekara huɗu ke nan. Hamidu ya yi wa zaurensa rufin kwano, ya sayi keke irin na malam, waɗanda suka sunkuyar da kai a gindin tsamiya su ne ke cire takalmi tun daga nesa suna masa ranka ya daɗe. Sale yakan zo da salla ya gaisa a tsaye. Wada ko saƙo bai taɓa aikowa ba. Gwadabe yana noma kasonsa shi da manyan 'ya'yansa biyu, abin da suke samu ƙaramin rumbu ɗaya ya ishe shi. Ya ƙara ramewa, ya ƙara shiru, har yanzu yana kaɗe buzu.

Babban rumbun yana nan a tsakar gida. Turai ta sa an fasa masa ƙofa a gindi, kajinta ke kwana a ciki, ta ce su suka fara faɗin gaskiya, su suka cancanci gado. Amma duk kaka, in an gama ɗaurin dawa, sai ka ga Gwadabe ya jingina tsani ya hau ya yi masa sabuwar jinka, don wanda ke wucewa ta bayan katanga ya hango.